Cokali ta Tagar Kicin

Asabar, ƙarfe shida saura na yamma

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, shi ya sa na juya littafin da nake rubuta kekunan ɗinkin da aka kawo mini gyara, na fara rubutu daga baya. Mutuniyar, wato matata, ita ce ta ce in sa rigar kirki, za mu fita cin abinci. A waje. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ban taɓa jin ta ambaci gidan abinci ba sai da tsaki a ƙarshen maganar. Ita ce shugabar kicin ɗin masaƙa, kullum tana ciyar da ma'aikata ɗari uku, kuma a wurinta duk wanda ya zauna ya ci girkin da bai san hannun da ya yi shi ba, to ko gwauro ne ko maraya.

Na ce, "Lafiya dai?"

Ta ce, "Injiniya, in ba za ka je ba ka faɗa." Injiniya take kirana in za ta zolaye ni, ko in ba ta son tambaya ta biyu.

Muka je wani wuri kusa da shataletale, mai jajayen kujerun roba da fanka ɗaya da ke kuka a kanmu. Ta sa aka kawo shinkafa da kaza faranti ɗaya, taliya faranti ɗaya, ta turo mini duka biyun. Cokali uku ta yi ta ajiye, ta zuba mini ido ina ci.

"Yaya ka ji?"

Na ce ya yi daɗi.

"Taliyar fa?"

Na ce ita ma ta yi daɗi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce mu tashi. Fankar wurin mai kawai take so, na gaya musu da za mu fito.

Litinin, ƙarfe ɗaya, a shago

Na ba Tela maƙwabcina labari, ya yi dariya har da buga tebur. Wai ko dai ta ci gasa a rediyo, ko kuma akwai abin da ta fasa a gida tana neman yadda za ta faɗa. Na koma na ƙirga kofunan gilashi da safe, suna nan cif. Abin ya tsaya mini a rai. Me mace irin wannan take nema a farantin wani?

Laraba, bayan magariba

Tukunya ta kama yau, tana zaune a gefenta tana gyaran wake. Daga falo na jiyo ƙauri. 

Asabar ta biyu, ƙarfe biyar da rabi

Mun sake fita. Wannan karon bakin tafki, inda ake hayar kwale-kwale mai feda, ana gasa kifi a ƙarƙashin rumfa. Ta yarda muka hau kwale-kwalen, ni ina feda ita tana ba da umarni, muka yi ta zagaye wuri ɗaya har mai hayar ya fara ɗaga mana hannu daga gaɓa. Ta yi dariya, irin wadda rabona da jinta tun kafin zazzaɓin nan da ya kwantar da ita wata biyu da suka wuce. Na ji daɗi ƙwarai.

Da aka kawo kifin tambayoyi suka dawo, kuma sun ƙara tsini. Gishiri ya ji? Barkonon a farkon loma yake zuwa ko sai an haɗiye? Akwai lemon tsami ko babu? Ni dai na ce ya yi, komai ya yi.

Na tashi wanke hannu. Akwai madubi a saman famfon, ta cikinsa na hango ta ta ɗauki kwalbar gishiri ta zazzaga a kan kifina, ba kaɗan ba, ta shafe da bayan cokali, ta koma ta naɗe hannu. Na tsaya da sabulu a hannu ina mamaki. Wasa ne? Gwajin haƙuri ne? Na ce a raina, in gwaji ne yau za ki ga miji. Na dawo na cinye kifin nan tas, idona har ruwa yake yi, na sha ruwa kofi uku, na ce, "Kai, wannan ya fi na makon jiya."

Na ɗauka za ta fashe da dariya. Sai ta juya tana kallon tafkin. Har muka iso gida, a kan babur ba ta riƙe rigata ba kamar yadda ta saba.

Lahadi, hantsi

Ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Na rasa laifina. Mutum ya ci gishiri rabin kwalba don ya faranta wa matarsa rai, kuma a ce shi ne da laifi?

Ni dai haka na tashi. A gidanmu ba a kushe abinci, in ka ce wani abu ya yi kaɗan tsohuwarmu sai ta ɗauke kwanon ta ce ka ci maganarka. Sau ɗaya tak na kuskura, watanmu na biyu da aure, na ce wa Mutuniyar miya ta ɗan yi ruwa. Ta shige ɗaki ta yi kuka har la'asar. Tun ranar na ɗaure bakina, kuma ban taɓa ganin asarar hakan ba.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Kafin ta fita aiki ta miƙo mini mayafinta ta ce in shinshina, ko yana warin hayaƙi. Turare ne a jikinsa har yana hawa kai. Na ce lafiya lau.

Da nake neman makullin babur na ga farar ambulan ta asibiti a ƙarƙashin kayan guga. Na mayar da kayan yadda suke.

Alhamis, ƙarfe uku, a shago

Wani mutum ya kawo keken matarsa, yana tsallake ɗinki. Rigar masaƙa ce a jikinsa. Bai san ni ba. Ina kwance kwarkwaron zaren, shi kuwa yana ta zuba surutu, irin mutanen nan da ba sa iya zama shiru. Wai abincin wurin aikinsu ya lalace. Yau lami, gobe gishiri kamar an yi gayya, shekaranjiya kuma an kawo musu miyar da ta soma tsami, shugabar kicin ɗin ta tsaya a gabansu ta rantse lafiyarta ƙalau. Wai da, har na wasu kamfanoni kan yi dabara su shigo cin rana saboda ita. Yanzu sun rubuta wa Manaja takarda, mutum tamanin sun sa hannu.

Ya ce, "Tsufa ne, Malam. In mutum ya gaji ya ba wasu wuri mana."

Na ce ya dawo jibi. Keken minti goma zai ɗauke ni, amma hankalina ba ya kansa.

Tukunyar da ta kama. Mayafin. Kifin bakin tafki. Na zauna na jera su kamar yadda nake jera kusoshin keke a kan tsumma, kuma duk sun shiga gurbinsu. Ashe ba haƙurina take gwadawa ba. Harshenta da hancinta ne suka daina ji. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Juma'a, da yamma

Ban faɗa mata na sani ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Mun kalli labarai.

Asabar ta uku, ƙarfe shida

Ni na ce mu fita yau. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauko jakarta.

Gidan namun daji muka fara zuwa. A gaban kejin kuraye kowa ya toshe hanci yana sauri, wata mata har da kakarin amai. Mutuniyar kuwa ta jingina da ƙarfen tana shan askirim a natse, tana tambayata me ya sa ƙafafunsu na baya suka fi gajarta. Na tsaya tare da ita, ina numfashi ta baki.

Daga nan muka shiga ɗan gidan abincin da ke bakin ƙofa. Aka kawo kaza da dankali. Na yi loma ɗaya, gabana yana faɗuwa kamar zan yi wa mai unguwa rashin kunya, na ce, "Wannan kazar gishirinta bai ji ba."

Ta ajiye cokali. "Me ka ce?"

Na maimaita.

"A fatar ko a tsokar?"

Nan ta kama ni, don ban san akwai bambanci ba. Ta jawo kujerarta kusa da tawa. Ta ce kada in haɗiye, in bar shi a kan harshe, in rufe baki in fitar da numfashi ta hanci. Na yi. Wallahi sai na ji abubuwa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: gishiri a fatar kawai, ciki salam, can daga baya wani ɗaci-ɗaci. Na rasa sunan da zan ba shi, na ce mata kamar keken da zaren samansa ya yi tauri na ƙasa ya saki.

Ta ce, "Man ya tsufa, sun soya kifi a ciki jiya, kuma ba su jiƙa kazar ba." Idonta ya kawo ruwa, ta ce hayaƙin wurin ne. Ta sa aka ƙaro faranti biyu.

Litinin, bayan isha'i kaɗan

Makaranta aka buɗe mini a gida. Kofi biyar na ruwan miya a jere, kowanne da nasa gishirin, in faɗi wanne ya fi wanne. Na ci uku, na faɗi biyu. Ta ce kunne ne da ni, harshe kuwa sai an yi masa gyara.

Laraba, ƙarfe biyu

Da rana ta biyo ta shago, muka je wani ɗan wuri bayan tashar mota. Tela ya leƙo yana cewa amarci ya dawo, a riƙa tunawa da maƙwabta.

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Ashe albasar da aka soya a hankali zaƙi take yi, wadda aka yi wa gaggawa kuma tana da wani ƙauri a ƙarshe. Ashe tumatirin gwangwani yana barin ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshe. Ashe ana iya gane shinkafar da ta kwana ko an ɗumama ta da kyau. Shekara hamsin da uku ina tura abinci ciki kamar mai loda buhu a mota. Abin da ya fi damuna shi ne nata girkin. Shekara ashirin da huɗu ana ajiye mini abin da mutane ke satar hanya su ci, ni kuwa ban taɓa tsayawa na ji shi ba. Yanzu da na iya ji, ba shi ne a gabana ba.

Juma'a, ƙarfe biyar

Manaja ya kira ta ofis. Ita ta gaya mini, tana ninke kaya, ba ta kalle ni ba. Mako mai zuwa, Litinin zuwa Juma'a, zai riƙa cin rana tare da ma'aikata. Daga nan zai yanke ko ita za ta ci gaba da riƙe kicin, ko a ba Doguwa, mataimakiyarta.

Na ce, "To me zai hana ki riƙa ba Doguwar tana ɗanɗana miki?"

Ta watsa mini harara. Shekara goma sha tara, in ji ta, babu wadda ta taɓa sa cokali a tukunyarta. Su yanka, su wanke, su juya, amma ɗanɗanon ƙarshe nata ne, kuma ba ta taɓa auna komai da gwangwani ba. Ranar da ta miƙa wa wata cokali, ranar kowa zai san abin da ake ciki.

Sannan ta ce akwai wata taga a bayan kicin, wajen da ake ajiye tukwanen gas. Abinci yana nuna sha ɗaya da kwata. Daga shagona zuwa can minti goma sha biyu ne a babur.

Ban tambayi menene "abin da ake ciki" ba.

Asabar ta huɗu, da yamma

Wuri uku muka shiga yau. Na ƙara huda a bel ɗina.

Litinin, ƙarfe sha biyu

Na je. Na ɓoye babur bayan tankin ruwa, na raɓe jikin bango, ni da furfurata, kamar saurayin da iyayen yarinya ba sa so. Tagar ta buɗe kaɗan, cokali ya fito, hannunta a ƙarƙashinsa yana tare ɗigo. Na rufe ido. Na ce gishiri saura kaɗan, kuma tsamin tumatir bai mutu ba. Taga ta rufe. Bayan minti biyar cokali ya sake fitowa. Na ce yanzu ya zauna.

Ta tsagar tagar na ga kicin ɗin a karon farko: tukwane huɗu, kowacce za ta ɗauki mutum a zaune, mata shida da fararen huluna, ita kuma a tsakiya tana nuni da ludayi. Ko tari ba a yi sai ta juya baya.

Talata, ƙarfe sha biyu

Manaja ya nemi ƙari jiya. Yau cokali biyu, na biyun daidai. Ruwan sama ya kama ni a hanyar dawowa, na jiƙe sharkaf.

Laraba, da yamma

Ta dawo tana waƙa a ƙasan maƙoshi. Maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Na sha ruwan zafi da citta a ɓoye.

Alhamis, ƙarfe ɗaya da rabi

Na tashi hancina a toshe kamar an cusa auduga. Na bari ta fita tukuna na gwada kaina: shayi, ruwan zafi kawai. Na lashi gishiri a tafin hannu, da ƙyar na ji wani abu can nesa. Na shaƙi man zafi, na yi turare da tawul a ka, duk a banza. Na hau babur ina ce wa kaina ƙila ya buɗe a hanya.

Cokali ya fito. Na karɓa, na bar shi a kan harshe, na yi ƙoƙarin fitar da numfashi ta hanci. Ɗumi na ji, da laushin wake, shi ke nan. Kamar mutum ya tauna tsumma mai ɗumi. Na tsaya a wurin ina tunanin wata biyu da rabi a haka, safe da rana da dare, kuma kullum ka tashi ka dafa wa mutum ɗari uku.

Ta matso da fuskarta jikin tagar. "Yaya?"

Kalmomin nan biyu, "ya yi", suna bakina, sun saba hanya, ko turawa ba sa so. Wataƙila ma abincin daidai yake. Kwana biyu kawai ya rage.

Na ce, "Ban ji komai ba. Mura ce. Ko kaɗan ban ji ba."

Ta dube ni. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji ana jan benci a ɗakin cin abinci, ma'aikata sun fara shigowa. Ba ta rufe tagar ba. Ta juya, ta ɗebo wani cokalin daga tukunyar, ta ɗaga murya.

"Doguwa. Zo ki ɗanɗana mini wannan."

Wuƙaƙe suka tsaya. Doguwa ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta taho a hankali, ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗanɗana. Ta ce, "Shugaba, a ƙara gishiri, kamar tafi biyu." Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Wata biyu ke nan muna jiran ki kira ɗayarmu."

Mutuniyar ta ɗebi gishirin da kanta ta zuba, ta juya. Na tura babur har bakin titi kafin na tayar.

Juma'a, bayan la'asar

Ba ta jira Manaja ya gama makonsa ba. Jiya bayan an tashi ta shiga ofishinsa da ƙafarta ta yi masa bayani. Makullin kicin yana hannun Doguwa. An ce ta huta wata guda, ta ji da maganar asibiti, daga baya a ga inda za a sa ta. Ranar tara ga wata za mu je tare, ta ce in rufe shago.

Asabar ta biyar, ƙarfe shida

Hancina ya buɗe da asuba. Na ɗauka fita ta ƙare tunda babu sauran jarrabawa, sai na ganta da jaka a hannu tana jirana a bakin ƙofa.

Wani sabon wuri muka je a saman bene, ana hango layin dogo. Aka kawo nama da miyar tumatir da burodi. Ba ta taɓa nata ba. Ta jingina, ta rufe ido, ta ce, "Faɗa mini."

Na faɗa mata. Naman ya yi laushi har tsakiya, gishirin ya shiga. Tumatirin ɗanye ne ba na gwangwani ba, zaƙinsa yana zuwa daga baya. Akwai wani ganye da ban san sunansa ba, mai sanyi a hanci. Tana gyaɗa kai, bakinta yana ɗan motsi. Na ce sai dai tafarnuwar tana da wani kaifi, kamar ba ta cikin miyar, tana tsaye ita kaɗai a gefe.

Ta buɗe ido. Ta kira matar da ke kawo abinci ta ce, "'Yar nan, ki gaya wa kukunku, da girmamawa, ya daina jefa tafarnuwa bayan ya zuba tumatir. A mai ake fara sa ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ga kukun da kansa, wani ƙaton mutum da tawul a kafaɗa. Na gyara zama ina shirin ba da haƙuri. Ya dubi farantinta da ko cokali ba a sa ba, ya dube ta. Ya ce gaskiya ne, yau ya manta da ita sai daga baya ya jefa, kuma tun safe babu wanda ya lura.

Ya ce, "Hajiya, ke ma'aikaciyar abinci ce, ba shakka. A ina kike aiki?"

Ta buɗe baki za ta amsa yadda ta saba amsawa shekara goma sha tara. Sai ta tsaya. Na ji hannunta ya kamo nawa a ƙarƙashin tebur, ta matse har zobenta ya shige mini fata.

Ta ce, "Shekaranjiya na bari."

Kukun ya ce Allah sarki, ya koma ciki. Jirgin ƙasa ya wuce, muka bi shi da kallo har tarago na ƙarshe. Sannan ta turo mini farantinta, ta sake rufe ido, ta ce in ci gaba daga burodin.